Malamin Ƙodago a Jikin Allon Kwamfuta

"Kuna ji na?" Da wani zai zauna ya ƙirga maganganun da suka fi fita daga bakina a zangon karatun da na yi ina koyarwa ta intanet, wannan tambaya ce za ta zo ta ɗaya, kuma da rata. Talata da Alhamis, da an idar da sallar isha, sai in shige ɗakin baƙi in turo ƙofa, in roƙi uwargida ta riƙe mini yara a tsakar gida, in ɗora kwamfuta a kan tulin littattafai don kamara ta daidaita da fuskata, in jingina waya a jikin taga inda sabis ya fi kamawa. Daga nan ɗalibai su fara faɗowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan akwatinsa baƙi a jikin allo, suna kawai a rubuce, babu fuska. Wani ma ba sunansa ba ne, sunan wayarsa ne: Tecno kaza, Infinix kaza. Haka zan yi ta magana da akwatuna arba'in da 'yan kai, har wata murya ta ɓullo daga cikin duhu ta ce, "Malam, maganarka tana yankewa."

Wata jami'a ce mai zaman kanta ta ɗauke ni aikin, ba sai na kama suna ba. Kwas ɗaya, na hanyoyin gudanar da bincike, zango ɗaya, a biya ni a dunƙule idan na miƙa sakamako. Ba ofis, ba fansho, ba alkawarin za a sake kirana. A takarda sun kira ni malamin wucin gadi. Ni kuwa sunan da na ga ya fi dacewa da aikin shi ne wanda aka san mai noman yini a gonar wani da shi, wato ɗan ƙodago. Ba raini a ciki, da guminsa yake ci. Sai dai shi ɗan ƙodagon gona ya san yawan kunyoyin da aka yi ciniki a kansu, da ya kai bakin iyaka ya saɓa fartanyarsa ya karɓi haƙƙinsa. Malamin intanet ne bai san inda gonar ta ƙare ba.

Na fito daga wannan zango da ra'ayi biyu masu ja-in-ja da juna. Karatun da ake yi kai tsaye ta intanet karatu ne na gaske, masu cewa wasan yara ne ba su taɓa zama a ajin ba. Amma cinikin da ake yi da malamin da ke ba da shi akwai ƙwara a ciki, kuma ƙwarar ba a nan ƙasar aka ƙirƙiro ta ba.

A Amurka ne wannan tsari ya girma har ya yi furfura. Mu nan idan aka ce malamin jami'a a Amurka, abin da ke zuwa mana a rai mutum ne mai ofis cike da littattafai da albashin dala. Akwai irinsu, amma yanzu ba su ne masu rinjaye ba. Ƙungiyar malaman jami'o'in ƙasar, AAUP, ta fitar da lissafin da ya nuna cewa a 2021 kashi 68 cikin ɗari na masu koyarwa a kwalejoji da jami'o'insu ba sa kan kujerar dindindin, kuma kashi 48 'yan wucin gadi ne. A 1987 'yan wucin gadin wajen kashi 33 ne. Akasari kwas-kwas ake biyan su, dala dubu uku zuwa huɗu a zango. Kada mai karatu ya yi saurin buga lissafin canji ya ce ai sun warke. Can kuɗin hayar ɗaki kaɗai ya isa ya lashe wannan. Wani bincike da ƙungiyar malamai ta AFT ta fitar a 2020 ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka tambaya suna dogara da tallafin gwamnati don su rayu, alhali masu digiri na biyu da na uku ne. Labarin da ya fi tayar da ƙura shi ne na Margaret Mary Vojtko, wadda ta shekara 25 tana koyar da Faransanci a jami'ar Duquesne da ke Pittsburgh, zango-zango, ta rasu a 2013 tana da shekara 83 cikin talauci, 'yan watanni bayan an daina sabunta mata aiki.

Akwai wani ɗan abu da ya faru can da nake so a riƙe, domin shi ne ƙashin bayan maganata. Dokar lafiya ta zamanin Obama ta tilasta wa manyan ma'aikatu su yi wa duk mai aikin sa'a 30 a mako inshorar lafiya. Sai tambaya ta taso: sa'a nawa malamin wucin gadi yake yi? Idan tsayuwarsa a aji kawai za a ƙirga, mai kwas uku sa'a tara yake yi, ke nan bai cancanta ba. A 2014 hukumar harajin ƙasar ta ba da mafita, ta ce ana iya lissafa kowace sa'a ɗaya ta aji a matsayin sa'a biyu da kwata, saboda shiri da gyaran takardu. Duk wanda ya taɓa gyaran jinga arba'in ya san wannan lissafi ya yi rowa. Amma ko ba komai, hukumar haraji, wadda ba a san ta da tausayi ba, ta yarda cewa aikin malami da ba a gani ya fi wanda ake gani yawa. Kwalejoji da dama kuwa tun kafin a kai nan sun rage wa 'yan wucin gadi yawan kwasa-kwasai don kada su kai sa'a 30.

Sai ga korona. Manhajar Zoom da mahalarta tarukanta ba su wuce miliyan 10 a rana ba a Disambar 2019, zuwa Afrilun 2020 sun kai miliyan 300. Annoba ta wuce, amma masu tafiyar da jami'o'i a ko'ina sun riga sun gano wani abu da ba za su manta ba: ana iya buɗe aji ba tare da an aza bulo ko ɗaya ba.

To, idan babu bulo, ina ajin yake? A gidan malam yake. A ajin da muka saba, jami'a ce ke da ɗaki da allo da kujeru da fanka da maigadi, malami ya zo da kansa da alli. A ajin intanet na ɗan wucin gadi, ɗakin nawa ne, kwamfutar tawa ce, data ni ke saye, kuma idan NEPA ta yi halinta, man janareto daga aljihuna. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san abin da kunna janareto na sa'a biyu ke nufi, sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a farashi. Wanda ya ɗauki irin wannan aiki a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda a duhu, shi kaɗai ya san yadda ya cika alkawari. Ba wanda ya rubuta waɗannan a takardar ɗaukar aikina. Da na ambata wa jami'in da ke kula da shirin, dariya ya yi ya ce, "Haba Dakta, ai ka huta da kuɗin mota." Gaskiyarsa, na huta da kuɗin mota. Kuɗin aji ne ya dawo kaina.

Sa'o'in da ba a gani su ma intanet ƙara su take yi. Malamin aji zai iya shiga da ɗan guntun takarda a aljihu ya yi sa'a biyu yana zuba, idanun ɗalibai suna gaya masa inda zai tsaya. Wanda ke magana da baƙaƙen akwatuna dole ya tsara komai tun kafin lokaci: abin da zai haska a allo, tambayar da zai jefa duk bayan minti goma don ya tabbatar ba bango yake yi wa wa'azi ba, da abin da zai tura wa waɗanda sabis ya yar a hanya. Sannan ga zauren WhatsApp. Malamin da ke da ofis yana da ƙofa, kuma ƙofa tana rufuwa. Ni lambar wayata ce ofishina, saboda haka sha ɗayan dare saƙo zai shigo: "Salamu alaikum Malam, don Allah a yi haƙuri da lokaci, jingar nan da hannu za a rubuta a ɗauki hoto ko bugawa za a yi?" Ba na ganin laifinsu. Mai wannan saƙo ƙila yanzu ya taso daga aiki.

A nan ne kuma ra'ayina na ɗaya yake samun ƙarfi, domin da na san su waye a bayan akwatunan sai na daina jin haushin rufe kamara. Akwai ma'aikaciyar jinya a wani asibitin karkara da ke shiga darasi daga ɗakin hutun ma'aikata. Akwai matan aure da dama, wata da goyo, waɗanda da a ce sai sun je makaranta ƙafa da ƙafa da digirin nan ya wuce su har abada. Akwai ma'aikacin banki da ke sauraro a cikin mota a hanyar gida. Wasu suna rufe kamara don data ta kai su ƙarshen darasi, wasu don ɗaki ɗaya ne da su da iyali, kuma mutum yana da haƙƙin ya rufa wa gidansa asiri. Na kuma lura da wani abu da ban taɓa gani a ajin bulo ba. Ɗalibar da ba za ta taɓa ɗaga hannu a gaban maza hamsin ba, a nan sai ta rubuta tambayarta a gefen allo, kuma sau da yawa tambayarta ce ta fi ta kowa nauyi.

Wata rana ma'aikaciyar jinyar nan tana bayanin binciken da take son yi kan dalilin da ke hana mata zuwa awon ciki, ta ce za ta raba takardun tambayoyi ɗari biyu. Sai wata daga cikin masu shirun nan ta rubuta: "Anti, waɗanda ba su yi boko ba wa zai cike musu? Kuma idan ke ce da farin kaya kike tambaya, za su faɗa miki gaskiya?" Na ajiye abin da na shirya. Minti ashirin muka yi a kan wannan, wani ya kawo shawarar a yi hira da baki, wata ta ce a nemi ungozoma ta shiga tsakani, wani ya ce ai ita ma ungozomar tana da nata ra'ayin da zai karkatar da amsa. Abin da littafi ke kashe babi guda yana bayani, sun gano shi da kansu daga asibitin da ɗayarsu ke aiki. Wannan ba ya faruwa a bidiyon da aka naɗa.

Wanda ya yi karatun zaure ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala suna nan jibge a kasuwar Kurmi, kowa zai iya saye. Me ya sa mutum yake sammako ya je ya durƙusa gaban malam? Saboda malam yana jin inda harshenka ya karkace, ya ce koma baya. Yana gane daga yadda ka ja numfashi cewa ka karanta ne ba ka fahimta ba. Abin da ɗalibi ke biya a ajin kai tsaye ke nan: wani mai rai da zai tsayar da shi.

Shi ya sa maganar naɗar darasi ta fi maganar data damuna. A Janairun 2021 wani ɗalibi a jami'ar Concordia da ke Montreal a Kanada yana ɗaukar kwas na tarihin zane-zane ta intanet, yana jin daɗin laccocin malamin, sai ya nemi adireshinsa don ya aika masa tambaya. Abin da ya ci karo da shi sanarwar rasuwa ce. Farfesa François-Marc Gagnon ya rasu tun Maris ɗin 2019, bidiyoyinsa ne ke ci gaba da koyarwa. Jami'ar ta ce akwai wani malami da aka ɗora wa alhakin kwas ɗin, da mataimaka masu gyaran takardu. Ba laifi ba ne a amfana da ilimin wanda ya rigaye mu, da haka ilimi yake tafiya. Tambayar ita ce ta masu rai. Idan an naɗi darasin ɗan wucin gadi a bana, me zai sa a sake kiran sa baɗi? Ɗan ƙodagon gona ana neman sa duk damina saboda ciyawa tana sake fitowa. Wannan kuwa noma ɗaya zai yi a yi ta girbi. A takardar da na sa wa hannu akwai wani layi da ya ce duk abin da aka samar don kwas ɗin mallakar jami'a ne. Na karanta shi na wuce, a zatona takardun jarrabawa ake nufi.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a rufe wannan ƙofa. Mu ne ma muka fi kowa buƙatarta. Karatu daga nesa ba baƙonmu ba ne: Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976 take, Jami'ar Karatu Daga Gida ta NOUN kuwa Shagari ya kafa ta a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita, har Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Koyarwar wucin gadi ma mun daɗe muna yi, sunanta bizitin. Da aka buɗe sababbin jami'o'in tarayya a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere a 2011, sannan Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa a 2013, ga na jihohi da masu zaman kansu suna ta tsirowa, daga ina malamai za su fito? Daga Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri aka riƙa aro su. Mutum ya gama laccarsa ranar Alhamis, ya kama hanya, ya dunƙule karatun mako uku a yini biyu, ya juyo. Ɗalibai ba su ƙoshi ba, shi kuma ya sa ransa a hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Idan intanet za ta sa wannan malami ya ga ɗalibansa kowane mako daga ɗakinsa, wa zai ƙi?

Masu jami'o'i suna da tasu hujjar, kuma ba duka ce ta banza ba. Za su ce kuɗin makarantar da ɗalibi zai iya biya kaɗan ne, ba wanda aka tilasta wa karɓar aikin, kuma yawancin 'yan wucin gadinmu suna da albashinsu a wani wuri, wannan ƙari ne. Haka ne. Akanta ko lauya ko likita da ke ba da sa'a biyu a mako yana kawo wa aji abin da malamin da bai taɓa barin jami'a ba ba shi da shi, kuma don irinsu aka ƙirƙiro tsarin tun asali. A Amurka ma da haka aka fara. Abin da ya faru shi ne an ga araha, sai abin da aka tanada don cike giɓi ya zama shi ne ginin. Mu ma ga matasa masu digiri na uku suna yawo da takardu babu gurbi. Su ne za a tara a ba kowa kwas biyu a nan, uku a can, ya shekara goma yana koyarwa ba tare da sunansa ya shiga rajistar ma'aikatan kowa ba. Wa zai yi magana da yawunsu? Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aikin wata tara a 2020, kuma cikin ƙorafinta kan tsarin albashi na IPPIS har da cewa bai san da zaman malaman bizitin da na wucin gadi ba. Amma ƙarfin ASUU a jami'o'in gwamnati yake. Wanda ke koyarwa daga ɗakin baƙinsa wa jami'a mai zaman kanta, bai ma san fuskar sauran abokan aikinsa ba balle su haɗa kai.

Ba wai gyaran ba ya yiwuwa ba ne. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda ta fara koyarwa a 1971 ta rediyo da talabijin na BBC, shekara da shekaru a kan malaman wucin gadi ta tsaya, ana ɗaukar su kwas-kwas. Bayan doguwar tattaunawa da ƙungiyarsu, a Agustan 2022 sama da 4,000 daga cikinsu suka koma ma'aikatan dindindin, duk da cewa ba cikakken lokaci suke aiki ba. Shekara hamsin ta ɗauke su. Mu da muke fara ajin intanet yanzu ba sai mun jira hamsin ba. Hukumar kula da jami'o'i, wadda ke ƙirga kujeru da littattafan laburare kafin ta amince da kwas, za ta iya tambayar kowace jami'a mai ajin intanet: mutum nawa ne a aji ɗaya, nawa ake biyan mai koyar da su, yaushe ake biya, kuma an lissafa wuta da data? Sannan a rubuta ƙarara wa ke da bidiyon, shekara nawa za a yi amfani da shi, da abin da zai shiga hannun mai muryar duk lokacin da aka sake haska shi. Mawaƙa da 'yan fim ɗin Kano sun daɗe suna wannan faɗa a kan haƙƙin mallaka, malamai ne ba su farga cewa sun shiga sahu ba.

Kuɗina sun fito wata huɗu bayan na miƙa sakamako. Zangon da ya biyo baya ba a kira ni ba, ni ma ban tambaya ba. Ana nan, wata Laraba da daddare, saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba. "Salamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce a ajin bana, darussanka ake sa mana. Wata 'yar ajin bara ce ta ba ni lambarka. A darasi na shida, wajen minti na arba'in, ka ce za ka nuna yadda ake zaɓen mutanen da za a yi wa tambayoyi idan babu jerin sunayensu, sai hoton ya tsaya. Don Allah Malam, me ka so ka ce?"

Na tuna daren. Mai ne ya ƙare a janareto. Na ɗan jima ina kallon saƙon, sannan na tashi na je jikin taga, na danna wurin naɗar murya, na yi mata bayani na minti goma sha ɗaya.